Me ya sa masu karatu suka tsani jarumar da na ƙirƙira?

Kin ce kin ƙara sabuwar jaruma a labarin fim ɗin da kike so, kin ɗora a Wattpad, dandalin wallafa labarai a intanet, masu karatu suka ce girman kai gare ta, alhali mai kunya kika nufa.

'Yar'uwa, abin da kika rubuta suke gani, ba abin da ke ranki ba. In aka gaishe ta ta yi shiru, ba ki nuna yatsunta na murza bakin mayafi ba, raini za a ɗauka. Kuma don tsofaffin jaruman suka zo. Baƙuwar da ta fi kowa kyau da wayo haushi take ba su, tun 1973 masoya shirin talabijin na Amurka mai suna Star Trek ke kiran irinta Mary Sue. Bar ta ta yi kuskure a babi na gaba, wani cikin tsofaffin ya gyara mata.