Na ƙure murya, amma sifikar kwamfutata sai raɗa take yi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi kwamfutar tebur ta hannu mai Windows 10. Na kai murya 100, amma sai na kasa kunne sosai kafin in ji karatu. Sifikar ce ta lalace ko kwamfutar? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka yi saurin kai wa mai gyara. Zare kebul ɗin sifikar ka jona a wayar salula, ka kunna karatun. In ya fito rangaɗaɗau, sifika lafiyarta ƙalau, sai mu tuhumi kwamfutar.

In kuwa a wayar ma raɗa take yi, duba ko tana samun wuta. Ramin sauti na kwamfuta ba ya ba da ƙarfin da zai tuƙa babbar sifika, dole sai mai amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) a cikinta, wadda ake jonawa a soket ko USB. Su ma masu shan wuta ta USB kada ka sa musu rai da yawa, domin ramin USB 2.0 wat biyu da rabi kacal yake bayarwa. Ka murɗa maɓallin muryar da ke jikinta. Mutane da dama shi suke mantawa, suna ta faɗa da allo.

To, mu ce laifin kwamfutar ne. Leƙa bayanta: kore shi ne ramin sifika, mai ruwan hoda na makirfo ne, shuɗi kuma na shigar da sauti. Soka kan kebul ɗin har ƙarshe, kuma in ƙurar hunturu ta cika ramin, busa ta. Sannan tabbatar Windows ba ta tura sautin zuwa sifikar allo ta kebul ɗin HDMI da ke haɗa allon da kwamfuta ba, ko 'yar ƙaramar da ke cikin akwatin irin kwamfutocin ofis na HP da Dell. Waɗannan ko lafiyarsu lau ba su da murya.

Wurin da na fi zargi shi ne Volume mixer. Danna alamar sifika da maɓallin dama na linzami ka buɗe shi. Kowace manhaja tana da nata ma'aunin, sai ka tarar babban yana 100 amma na Chrome yana 15.

Akwai kuma wani ɓoyayyen saiti. Danna maɓallin Windows da R, rubuta mmsys.cpl, danna Enter, shiga Communications. Windows kan rage sauran sautuka da kashi 80 cikin ɗari duk lokacin da ta ɗauka kira kake yi. Zaɓi Do nothing. Daga nan koma shafin Playback, buɗe Properties na sifikarka, in ka ga Enhancements, kunna Loudness Equalization. In babu, sauko da direban sautin, wato manhajar da ke sarrafa na'urar sauti, daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar.

Manhajar VLC, mai kunna sauti da bidiyo, tana iya wuce 100, amma ban cika son haka ba. Sautin kan fashe, ƙaramar sifika kuma ba ta jure wannan wahala.