Amsa: Gidan rina da zuma a cikin gida

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ka zuba fetur ka cinna wa ƙwarin da suka kafa gida a ƙarƙashin rufin kwanonka wuta. Kada ka yi haka, domin katakon rufi da silin ba su da wuyar kamawa, kuma ƙwarin da suka tsira za su far wa duk wanda ke kusa.

Da farko ka tantance abin da ke wurin. Idan zanzaro ne mai gini da laka, da wuya ya yi harbi, kankare ginin kawai ya wadatar. Rina kuwa, mai rataye saƙarta mai kama da takarda, ana fesa mata maganin ƙwari da daddare ko da asuba lokacin da duk suka taru, bayan ka rufe jikinka da kaya masu kauri ka kuma nisantar da yara.

Ƙudan zuma su ne abin tsoro, a ganina ba aikin mai gida ba ne. Ka nemi mai kiwon zuma ya kwashe su zuwa amya, a cire saƙar gaba ɗaya, sannan a toshe kafar, in ba haka ba ƙamshin kakin zai jawo wasu.

Idan zuma ta harbi mutum, a cire ƙarin da ta bari nan take, a ɗora ƙanƙara. In fuska ko maƙogwaro ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a garzaya asibiti, domin yana buƙatar allurar adirenalin cikin gaggawa.