Turbar da ta ratsa gonar kakanku

Wa alaikumus salam, ɗana. Saƙonka ya iso ni tun daren Talata, na jinkirta amsa ne don maganar ba ta garaje ba ce. Ka ce masu gina rukunin gidaje sun taya gonar nan ta bayan gari, rabon mahaifinka, Allah ya jiƙansa, amma sun ce sai an toshe turbar da ta ratsa ta kafin su biya, domin katanga za su zagaye wurin da ita. Mutanen unguwa sun tashi tsaye, kai kuma kana tambayata ko al'ada ta ɗora maka barin hanya a filin da takardarsa ke hannunka.

Ta ɗora maka, ɗana.

Turbar nan ta girme ni. Ina yaro, idan aka yi ruwan shuka muka fita da kakanku, kunya biyu yake bari babu iri tun daga gindin tsamiya har bakin rijiya. Wata shekara na ga wurin ya yi laushi, na jefa gero a ciki don ina ganin asara ake yi. Da ya tsiro, kakanku bai ce mini uffan ba. Ya miƙo mini fartanya, ya tsaya a kaina sai da na tuge shi tsaf, sannan ya ce mini, “Gonar tamu ce, sawun na jama'a ne.” Idan gero ya yi tsawo a watan Agusta, ba ka ganin masu wucewa, sai dai ka hangi tulu a kan gammo yana tafiya a saman karan. Ta nan ake ɗaukar makara zuwa makabarta. Ta nan aka bi da kakanku, ta nan muka bi da mahaifinka, kana riƙe da gefen makarar.

A da idan za a sayar da gona, mai unguwa da maƙwabta sukan taka iyaka da ƙafa, a bi gamba da bini-da-zugu, a nuna wa mai saye inda nasa ya tsaya. Hanya, rijiya, burtali da magudanar ruwa ba sa shiga ciniki, ko da ba a ambace su ba, domin mai gonar ma ba shi ya mallake su ba balle ya sayar. Awon igiya ne ya zo ya rikita mana wannan. Dillali yana lissafin la'adarsa a kan yawan fuloti, duk taƙin da ya bari na hanya a wurinsa hasara ce. Shi ya sa za ka shiga wasu sababbin unguwanni a gefen Kano ka tarar da lungun da kurar mai ruwa ba ta iya juyawa a cikinsa. Burtalin da na sani da shingen aguwa dama da hagu, yau gidaje ne a kai, shanu kuma sai su faɗa gonar mutane, daga nan a shiga rigima.

Addini ma bai bar maganar ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa idan aka yi saɓani a kan hanya, a sanya faɗinta kamu bakwai, wato mita uku da ɗoriya. A Muwaɗɗa kuma akwai labarin Dahhaku ɗan Khalifa, wanda ya so ya bi da ruwa ta gonar Muhammadu ɗan Maslama, shi kuwa ya ƙi. Sayyidina Umar ya rarrashe shi, ya nuna masa shi ma zai amfana, bai yarda ba, sai ya rantse cewa ruwan sai ya wuce ko da ta kan cikinsa ne. Ka lura, can sabuwar hanya ake nema a buɗe. Taka kuwa tsohuwa ce ake so ka rufe.

Takardar da kake taƙama da ita, ka sake karanta ta. Tun dokar ƙasa ta 1978, fili yana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da ake ba mutum izinin zama ne da amfani. Zanen gidajen nan ma sai hukumar tsara birni, KNUPDA, ta amince da shi, kuma ka sha ganin yadda ake rushe ginin da ya hau kan hanya. Na san wani da ya ja katangar bulo a kan irin wannan turba da tsakar rani. Sau uku yana ginawa, sau uku yana wayar gari ya tarar da kafa a jikinta. Ban goyi bayan masu fasawar ba, amma ya shekara huɗu yana sintiri a kotu, kuma ranar ɗaurin auren 'yarsa tabarmin ƙofar gidansa rabi babu kowa.

Ban ce kada ka sayar ba. Na san nauyin ƙannenka da ke wuyanka. Al'ada ta yarda a karkatar da hanya, kashe ta ne ba ta yarda da shi ba. Kakanku da kansa ya taɓa matsar da ita lokacin da zaizayar ruwa ta ci gefen kudu, amma sai da ya kira mai unguwa da dattawa suka taka sabon wurin suka ce ya yi. Ka yi haka. A mayar da ita ta gefen gabas, a bar mata faɗin da mota za ta shiga, ta fita daidai ƙofar makabarta ba tare da dogon zagaye ba. A sa ta cikin zanen safiyo, a rubuta a takardar ciniki, dagaci ya sa hannu, domin alkawarin baki yana tafiya ne da ranar da aka gama biyan kuɗi. Za ka rasa fuloti ɗaya, wataƙila biyu. Idan masu sayen sun ce a kan haka sun fasa, ƙyale su, filin bakin gari ba ya rasa mai taya.

Ka zo ranar Juma'a da zanen a hannunka, mu yi salla tare, mu wuce wurin mai unguwa. Kafin nan kada ka bari a sauke ko tifa ɗaya ta yashi a wurin. Ka gaishe mini da mahaifiyarka da mai ɗakinka da yara.

Baffanka.