Ku mayar wa Inna da kabarta, ku rabu da dillalin biza

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani ɗan Damagaram da ke aikin gini a Marsai, ƙasar Faransa. Mahaifiyarsa tana unguwar Birni, ta haura saba'in, mantuwa kuma ta fara damunta: ta ajiye makulli ta yi ta nema, ta maimaita tambaya ɗaya sau uku kafin la'asar. Yayansa ya samo wani dillali da ya yi alkawarin fitar mata da biza a kai ta Faransa likitoci su duba ta, a kan sefa miliyan biyu, rabi kafin a fara. Dangi sun ce in bai biya ba ya yi wa uwa butulci. A can ƙarshen wasiƙar ya ambaci cewa da Inna tana saƙar faifai tana sayarwa, amma tun da ya fara aiko kuɗi aka hana ta, wai kada a ce uwar mai Faransa tana wahala.

Ƙanena, kada ka ba dillalin nan ko dala. Ofishin jakadancin Faransa na Yamai a rufe yake tun Janairun 2024, don haka in ya ce yana da mutum a ciki, ka tambaye shi cikin wane ofishi. Kai ma ka san kuɗin bizar gajeren zama yuro 90 ne, kwana 90 take bayarwa, kuma sai da takardar masauki daga ofishin magajin garinku da inshorar lafiya. Hanyar haɗa iyali kuwa ta mata ce da 'ya'ya ƙanana, ba ta shafi iyaye ba. Na sha ganin an karɓi fasfo da rabin kuɗi, a yi ta cewa "ana nan ana kai", daga baya lambar waya ta daina shiga. Wanda ya fi muni shi ne dillali ya haɗa takardun bogi da sunan ɗan da ke waje, asiri ya tonu, shi kuma ya shiga uku ranar sabunta takardar zama. Sunanka ne a kan takardun, ba na Yaya ba.

A ce ma bizar ta fito. Tsohuwa mai mantuwa, ka ɗauke ta daga gidan da ƙafarta ta san kowane lungu, ka kulle ta a bene, kai ka fita aiki tun asuba, ba maƙwabciya, ba mai jin Hausa? Sauyin wuri irin wannan ƙara rikita masu mantuwa yake yi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kabar da kuka ƙwace. Ka taɓa zama ka kalli mai saƙar faifai? Ta jiƙa kabar, ta tsaga ta siriri, ta ware rinanniya ja da kore. Tana soka basilla tana ƙidaya a zuci inda launi zai sauya, in ta yi kuskure a zagaye ɗaya sai zanen ya karkace, ta warware ta sake. Ido na aiki, yatsu na aiki, lissafi na aiki. In ta gama kuma ga ciniki, ga canji, ga tuna wadda ta ɗauka bashi. Duk wannan kuka raba ta da shi, kuka zaunar da ita gaban talabijin, kuka kira shi gata. Kunyar idon mutane kuka ji, ba tausayinta ba.

A mayar mata. In yatsu sun yi tauri, akwai tsintar wake, ɓarar gyaɗa, tufkar igiya, ko kaɗi in ta iya riƙe mazari. A wanke mata allo a rubuta surar da ba ta haddace ba, domin sabon abu mai ɗan wuya ya fi motsa kai bisa wanda aka saba. A haƙa mata gurabun dara a tsakar gida, in jikoki sun tafi makaranta ta jera 'ya'yan ta buga ɓangare biyun ita kaɗai.

Za a ce ka sayo mata babbar waya mai wasannin ƙarfafa ƙwaƙwalwa. Ka yi hattara. A 2016 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa masu Lumosity, wata manhajar irin waɗannan wasanni, biyan dalar Amurka miliyan 2 saboda tallan da ya wuce hujjar da suke da ita. Haka masu ƙwayoyin "gyaran ƙwaƙwalwa" da ke yawo a WhatsApp, ka bar musu kayansu.

Saƙa ba magani ba ce, ban ce maka haka ba. A kai Inna babban asibitin Damagaram a auna hawan jini da sukari, a duba ido da kunne. Rahoton kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet na 2024 ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa masu ƙara haɗarin ciwon mantuwa, har da waɗannan da kaɗaici. Wata tsohuwar ba mantawa take ba, ji ne ba ta yi sosai, ko yana ce ta rufe mata ido. In kuwa ta fara ɓata a cikin unguwarsu ko ta bar wuta a kunne, kada a jinkirta ganin likita. In baki ya karkace ko magana ta sarƙe farat ɗaya, a ranar za a kai ta.

Yaya kuma ka yi masa magana da ladabi, amma a fili: kuɗin likita da tabarau da magani suna wuyanka, na dillali babu. Kuɗin ka riƙa turawa hannun wadda ke kwana gida ɗaya da Inna, ta ɗauko maka hoton takardar asibiti. Sannan ka kira Inna da kanka ka ce kana son faifai shida da za ka raba wa matan 'yan Damagaram da ke Marsai, ka faɗa mata launin da kake so da ranar da mai tafiya zai karɓa. In ta yanka kuɗi ka taya, ka bar ta ta ja cinikin.