Amsa kan lambar gishiri da ke hawa bayan ban ruwa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙasarka ce ta fara yin gishiri, tunda na'urar da ka binne a gonar albasa tana nuna lambar EC, wato awon yadda wutar lantarki ke ratsa ƙasa da ake gane yawan gishiri da shi, ta haura duk lokacin da ka gama ban ruwa, sannan ta sauko bayan kwana biyu ko uku. Wannan abu ya tayar mini da hankali ni ma a shekarar da na fara aiki da irin waɗannan na'urori, har na yi ta ƙara ruwa da nufin wanke gishirin da babu shi, ƙarshenta takin da na zuba ne ya nutse ya bar saiwa.

Abin da na'urar take aunawa shi ne yadda wutar lantarki ke ratsa ƙasa gaba ɗayanta, wato ƙwayoyin ƙasa da ruwa da iskar da ke tsakaninsu. Busasshiyar ƙasa ba ta ba wuta hanya ko da gishiri ya yi mata yawa, domin sai ya narke cikin ruwa kafin wutar ta bi shi. Saboda haka hawan da kake gani na damshi ne. Idan kana son sanin ko gishiri na taruwa, ka riƙa ɗaukar lambar a lokacin da damshin ya yi daidai da na baya, misali kwana ɗaya bayan kowane ban ruwa, ka rubuta, ka kwatanta mako da mako. Kada ka yi hukunci da lambar da ta biyo bayan zuba takin zamani, domin shi ma gishiri ne. Zafi kuma yana ƙara lambar da kusan kashi 2 cikin 100 a kowane digiri na ma'aunin Celsius, don haka ka duba ko na'urarka tana daidaita ta zuwa digiri 25.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne alƙaluman littafi. Da aka ce ƙasa mai gishiri ita ce wadda ta wuce 4 dS/m (ma'aunin da ake faɗin lambar EC da shi), ko aka ce amfanin albasa yana fara raguwa daga 1.2, tumatir daga 2.5, alkama daga 6, ana nufin awon ruwan da aka tace daga ƙasar da aka kwaɓa a ɗakin gwaji. Lambar na'urarka galibi ƙasa take da wannan, kuma wanda ya ɗauke su abu ɗaya zai kwanta da hankali alhali albasarsa tana wahala. Ka kai samfurin ƙasa ɗakin gwaji ko sau ɗaya ne, ka kuma auna ruwan da kake shayarwa da shi: a ma'aunin FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙasa da 0.7 dS/m ba matsala, sama da 3 kuwa matsala ce babba.

Gishirin yana rikita awon damshin kansa, musamman a na'urori masu sauƙi, sai su nuna ƙasa ta fi jiƙa fiye da yadda take. Ni dai na fi natsuwa idan na kafa wata na'urar da ake kira tenshiyomita kusa da su, domin ita ƙarfin da ƙasa ke riƙe ruwa take aunawa, kodayake tana daina aiki idan ƙarfin ya kai wajen 80 kPa a ma'auninta.

Ka binne irin na'urarka mai auna EC da damshi guda biyu, ɗaya a zurfin santimita 15 cikin saiwa, ɗaya a 40 ƙarƙashinta, ka danne ƙasa sosai kada iska ta shiga tsakaninta da ƙarfen. Idan ta ƙasan ba ta taɓa nuna ƙaruwar damshi ba, to ruwanka ba ya sauka da gishiri, a saman yake taruwa, kuma a lokacin ne ya kamata ka ƙara ruwan wanki, muddin gonar tana da magudana.