Wai da gaske shot ɗin Thunder Balogun ya taɓa kashe gola?

Tambaya daga wani mai karatu a Jos: Assalamu alaikum malam. Tun muna yara kakana yake ba mu labarin Thunder Balogun, wai ya buga shot ƙwallon ta fasa cikin gola ta wuce raga. Don Allah da gaske ne, kuma waye shi ɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa kaka lafiya. Maganar fasa ciki kam almara ce irin ta bakin fili, kowane gari da yadda suke ba da ita, wasu ma har cewa suke an hana shi bugawa da ƙafar hagu. Amma fa ba banza ta taso ba, mutumin yana da ƙarfin bugu na gaske shi ya sa aka laƙaba masa Thunder wato tsawa, sannan ka tuna ƙwallon zamanin ta fata ce mai ɗinki, in ta sha ruwa sai ta yi nauyi, golan da ya tare irin wannan da ƙirji dole ya ji a jikinsa.

Sunansa Teslim Balogun, ɗan gaba ne, ya taso a Legas ya buga wa kulob da yawa irinsu Marine da Railways da Pan Bank, kuma ya buga wa ƙungiyar Jos, ka ga ba mamaki labarinsa ya zauna a garinku. A fainal ɗin kofin gwamna na 1952, wato gasar kofin ƙasa ta lokacin, Pan Bank ta lallasa Warri, shi kaɗai ya ci uku.

Ni abin da ya fi taɓa min rai shi ne tafiyar da tawagar Najeriya ta yi zuwa Ingila a 1949, da shi a ciki. Yan wasa 18 aka zaɓa ƙarƙashin kyaftin Etim Henshaw, suka hau jirgin ruwa daga Legas har Liverpool, ana ce musu UK Tourists, kuma yawancinsu ba takalmi suke buga wasa, sai dai su naɗe ƙafa da bandeji. A haka suka shiga filin Turawa suka ci Marine Crosby 5-2 a wasan farko. In fili ya jiƙe da ruwan sama kuwa sun sha wahala sosai, don ƙafa ba takalmi santsi kawai take, an kuma ci su da yawa a wasu wasannin. A hanyar dawowa suka tsaya Freetown suka ci Saliyo 2-0, wannan ne wasan ƙasa da ƙasa na farko a tarihin Najeriya.

A 1955 ya koma Ingila ya shiga Peterborough United, wadda lokacin ba ta ma shiga babbar lig ba tukuna, daga nan Skegness Town sai Queens Park Rangers a kakar 1956/57, suna rukuni na uku, ya buga wasan lig 13 ya ci 3. Wani zai ga kamar kaɗan ne, amma gaskiya ni ban ga haka ba, baƙar fata daga Afirka a ƙwallon Ingila lokacin ana iya ƙirga su da yatsu, ga sanyi ga fili duk taɓo, kuma kuɗin ba wani abu bane don akwai dokar ƙayyade albashin ɗan ƙwallo, wadda ba a soke ta ba sai 1961.

Da ya dawo gida sai ya koma koyarwa, yana cikin masu horar da tawagar Najeriya da ta je gasar Olamfik ta 1968 a Meziko, inda muka yi 3-3 da Brazil. Ya rasu ranar 30 ga Yuli 1972. In ka je Legas ka nemi unguwar Surulere, filin wasan da ke kallon babban filin ƙasa sunansa aka sa masa.