La Bamba: kiɗan da diddige ke jan ragamarsa

Ka ce ka koyi La Bamba da jita daga faifan mawaƙin Amurka Ritchie Valens, kana tambaya ko waƙar Amurkawa ce, kuma me ya sa duk saurin hannunka sai ta fito maka lami, kamar miya ba gishiri. To ɗana, jingine jitar tukuna.

Reshe ka kama. Valens ya ɗauke ta a 1958 yana ɗan shekara 17, ya sa mata jitar lantarki da ganguna, ya datse ta zuwa minti biyu da 'yan daƙiƙu. Ƙungiyar makaɗa ta Los Lobos ta maimaita ta a 1987 har ta zama ta ɗaya a jerin waƙoƙin Amurka. Gidanta kuwa jihar Veracruz ce, a gaɓar gabashin Meziko, ƙasar makiyaya da masunta da gonakin rake. Nau'in kiɗan sunansa son jarocho, kuma ka furta harafin j ɗin kamar h.

Ta tashar jiragen ruwan Veracruz Sifaniyawa suka shigo da kayan kiɗa masu tsirkiya da tsarin baitocinsu. Ta nan kuma aka shigo da bayi daga Afirka, da yawansu daga Kwango da Angola, suka tarar da 'yan asalin ƙasa. Daga wannan cakuɗa kiɗan ya fito, shi ya sa za ka ji mai bayarwa da 'yan amshi, abin da kunnenka ya riga ya saba da shi. Hukuma ba ta so shi ba da fari: a 1766 kotun addini ta cocin Katolika ta haramta wani ɗan'uwansa, El Chuchumbé, saboda yana yi wa limaman coci shaguɓe. Sunan bamba kansa masana sun rabu a kai. Wasu na kai shi ga Mbamba ta yankin Kwango, wasu ga kalmar Sifaniyanci mai nufin lilo ko rangaji.

Yanzu ga dalilin lamin. La Bamba ba ta da baitoci ƙayyadaddu. Ƙwarangwal ce da kowane mawaƙi ke sa wa nama. Baiti layi huɗu ne, gaɓa bakwai, biyar, bakwai, biyar. Akwai sanannu, kamar wanda ke cewa rawar tana buƙatar ɗan fasali, da na mai bugun ƙirjin cewa shi ya wuce matuƙi, kyaftin ne, magana irin ta mutanen tasha. Sauran a nan take ake ƙirƙirarsu, a yabi budurwa, a zolayi aboki. Wanda ya haddace baiti uku yana ta juya su, an gane baƙo ne.

Wurin yinta shi ne fandango, taron dare da ake kewaye wani dandamalin katako mai suna tarima. Akwati ne mai faɗi, ɗage daga ƙasa kamar taƙi guda, da ramuka a gefe don amo ya fita. Masu rawa suna dukansa da takalma masu tauri, kuma wannan bugun shi ne gangar. Babu wata. Idan mawaƙi ya ɗauki baiti sai su sassauta ƙafa don a ji magana, yana ajiyewa su saki diddige. Kai da kake kaɗawa da ƙarfi ɗaya daga farko har ƙarshe, ka toshe wannan numfashin. La Bamba rawar mace da namiji ce, biyu-biyu ake hawa, wasu su sauka wasu su hau, kiɗa bai tsaya ba sai masu hawa sun ƙare. Yawanci da El Siquisirí ake buɗe dare, da La Bamba a rufe.

A biki, ango da amarya kan shimfiɗa dogon jan ƙyalle a kan katakon, su ɗaure shi da ƙafa kawai suna rawa, sannan su ɗaga ƙullin kowa ya gani. Ma'anar a fili take. Idan ka yi musu gudu, ƙyallen zai harɗe, kunya kuma taka ce.

Kayan aikin. Jarana ita ce uwa: ƙaramar jita mai tsirkiya takwas a layi biyar, na gefe biyu ɗaiɗai, uku na tsakiya tagwaye. Ɗaurin da aka fi yi, da sunayen sautuka: sol, do, mi, la, sol. Daga gungume ɗaya ake sassaƙa ciki da wuya da kai, sai a manna fuska daga baya. Itacen cedro suke so, dangin maɗaci ne, ga sauƙin sassaƙa ga ƙamshi. In itacen bai bushe ba, zai tsage ko wuya ya lanƙwashe. In ka bar bango da kauri, murya ta shaƙe. Requinto, wata ƙaramar jitar ce, tsirkiyarsa huɗu, ana tsinkarsa da dogon tsinke na ƙahon saniya, kuma shi ke fara shelar wane kiɗa za a shiga kafin jarana ta faɗo. A wasu garuruwa akwai babbar molo mai tsayuwa, arpa, mai tsirkiya talatin da 'yan kai. Sai muƙamuƙin jaki da aka tsabtace aka shanya har haƙora suka yi girgiɗi: a naushe shi ya yi kacau-kacau, a goga sanda a kan haƙoran.

Hannun hagu ba wuya, do, fa, sol ne suna zagayawa. Aikin yana dama. Saki wuyan hannu, ka bar bayan farce ya share tsirkiyoyin, kada ka daka su. Ka kuma kula, yawancin son jarocho ƙirga shida ake yi musu, ana wasa tsakanin uku-uku da biyu-biyu, amma La Bamba ƙirga huɗu ce. Masu koyo sukan fara da ita, sai su ɗauki wannan ƙirgar su kai wa sauran, su rikita masu rawa.

Saurin da ke kunnenka ma yana da tarihi. A shekarun 1940 makaɗa irin su Andrés Huesca suka kai kiɗan birnin Meziko, rediyo da sinima suka ƙara masa gudu, aka sa wa makaɗa fararen kaya. Miguel Alemán, ɗan Veracruz, da La Bamba ya yi yaƙin neman shugabancin ƙasa a 1946. Daga ƙarshen shekarun 1970 ƙungiyar Mono Blanco da wasu suka koma wurin tsofaffin ƙauye suka farfaɗo da fandango, kuma makaɗan jarana na haɗuwa kowace shekara a garin Tlacotalpan na jihar Veracruz lokacin bikin Katolika na Candelaria, wajen 2 ga Fabrairu. Faifan da aka ɗauka a wannan taro za ka nema ka saurara.

Gobe ka zo da faifan katako mai kauri, ka ɗora shi a kan bulo huɗu. Abokin koyonka ya hau da takalmi mai diddige, kai ka rage gudunka da kusan kashi ɗaya cikin uku, idonka a kan ƙafarsa. Duk sanda ka daina jin katakon, ka yi ƙarfi da yawa.